Damin Rama Zuwa Doguwa

Tun da na dawo daga Doguwa mutanen majalisarmu ta gindin darbejiya suka hana ni sakat. Wannan ya ce me ya kai ni, wancan ya ce ai ya ji an kama ni da tabar wiwi a Kwanar Ɗangora, ni da na yi shekara talatin ina aikin malamin gona ban taɓa riƙe ko karan sigari ba. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa ya ɗauki nasa guntun ya ƙara masa gishiri. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi tiryan-tiryan, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ni kuma in huta.

Saboda Sale na yi tafiyar. Sale ɗan ƙanwata ne, marigayiya Hajara, wadda ta auri Jauro Buba, wani Bafulatani da ya zauna wuri guda yana kiwo yana noma a wata ruga bayan garin Doguwa, dab da bakin daji. Shi ne ɗansu na fari, don haka ana yaye shi aka kawo mini shi nan Bebeji. A hannuna ya yi wayo, a hannuna ya gama firamare. Da Allah ya yi wa uwarsa rasuwa, ya koma wurin ubansa ya kama masa noma. Yanzu magidanci ne, da matarsa Dije da 'ya'ya biyu.

Wata Laraba da hantsi, ana tsakiyar kaka, wani direba da ke ɗauko masara daga can ya tsaya a ƙofar gidana, ko injin bai kashe ba. Ya ce an kama Sale da ganye a gona, an kai shi Tudun Wada. Na tambaye shi wane irin ganye, ya ce shi ma iyakar abin da ya ji ke nan, ya ja motarsa.

Duk wanda ke sauraren rediyo ya san yadda dokar wiwi ta zama tun da soja suka tsananta ta. Shan ta laifi ne, ajiye ta laifi ne, sayar da ita laifi ne, amma shuka ta ya fi duka nauyi. Mutum zai shiga da baƙin gashi ya fito da furfura, in ma ya fito. Kuma ba shari'ar gaban alƙalin gari ba ce, inda dattawa za su je su ba da baki. Birni ake kai mutum, gaban waɗanda ba su san shi ba, ba su san ubansa ba. Da na tuna wannan sai na zauna a dakali.

Ban daɗe a zaune ba ilimina ya taso mini. Akwai wata irin rama mai tsagaggen ganye kamar yatsun hannu, wadda in baƙo ya hango ta daga nesa zai rantse wiwi ce. Na san Sale, na san ba ya ko cin goro. Nan take na yanke hukunci cewa rama ce jami'ai suka gani, su da yawancinsu ba su taɓa riƙe fartanya ba. Na ce a raina, kama da wane ba ta wane, zan je in koya musu aikinsu. Wannan girman kan nawa ku riƙe shi, za ku ga inda ya kai ni.

Maimakon in miƙe kudu, sai na hau acaɓa na bi ta Kiru zuwa Ɗansoshiya, inda na taɓa zama na shekara shida, don na san wanda ke shuka irin wannan ramar a gefen gonarsa. Na same shi yana yankan gero. Da na faɗa masa abin da ya kawo ni, sai ya yanko mini dami guda mai kyau, da ganyensa da furensa, ya ɗaure da igiyar ramar kanta. Ya hana ni tafiya sai da na ci ɗanwake, har la'asar ta kawo jiki, dole na kwana a Kiru wurin wani ɗan'uwanmu. Kwana guda ya tafi a kan damin rama.

Da safiyar Alhamis na isa Kwanar Ɗangora, inda hanyar Tudun Wada ke rabuwa da babban titi. Na sami wata tsohuwar bas da aka rubuta "Haƙuri Maganin Duniya" a goshinta, kuma lallai mai shigarta yana bukatarsa. Mutum huɗu ake jerawa a kujerar mutum uku. Ni na faɗa tsakanin wani mahauci da wata dattijuwa mai ƙiba da ake kira Iya Abu, wadda ke zuwa duba jikarta da ta haihu. Ɗan kamasho ya so ya ɗora damin ramata a saman mota, na ƙi, na rungume shi a cinya.

Ba mu yi nisa ba muka tarar da shinge, ganga biyu da katako mai ƙusoshi. Wani matashin ɗan sanda ya leƙo, idonsa ya sauka a kan cinyata, ya ja da baya ya gyara bindiga. Ya ce in fito. Na fito ina yi masa bayani da Turancin da na daɗe ban taɓa ba, ina kawo masa sunan ramar na littafi. Duk wannan bai shiga kunnensa ba, sai ma ƙara riƙe hannun rigata da ya yi. Iya Abu ce ta sauko da kyar, ta tsinki ganye guda ta tauna a gabansa, ta tsinki wani ta miƙa masa.

"Ɗana, tauna ka ji. In ba ka ji tsami ba, ka tafi da ni tare da shi."

Ya tauna, ya yamutsa fuska. Ta tambaye shi ko uwarsa ba ta taɓa yi masa kwaɗon rama ba, mota duka ta ɗauki dariya, shi ma ya yi murmushin jin kunya ya ɗaga katako. Wannan shi ne kamun da kuka ji an ce an yi mini. Abin da ya fi muni shi ne, ya ƙara mini ƙarfin gwiwa. Na ce to ga shi, abin da ya faru da Sale ke nan, ba wani abu ba.

Mun shiga Tudun Wada bayan azahar. Ofishin masu farautar wiwi wani ɗan gida ne mai ɗaki uku a bayan gari, da wata bishiyar mangwaro a gabansa. Babbansu mutum ne siriri mai tabarau, ba ɗan ƙasar Hausa ba, Hausarsa ta bariki ce amma tana fita. Zan faɗi gaskiya, bai wulaƙanta ni ba. Ya ba ni kujera, ya bar ni na kwance damina a kan teburinsa, na yi masa lacca a kan rama tun daga iri har zuwa igiya. Da na gama, ya sa aka shigo da wani buhu, ya zazzage kaɗan kusa da nawa, ya ce tunda ni malamin gona ne, in duba in faɗa masa da bakina.

Ban ma taɓa ba na gane. Warin kaɗai ya isa. Ganyen ya rabu tun daga gindi, kan yana da danƙo, ga 'ya'yan nan ƙanana masu zane. Na ɗaga kai na ga yana kallona. Da zan iya ƙarya da na yi ta a ranar, Allah ya sani na so in yi. Na ce masa wannan ba rama ba ce. Ya ce ya sani, buhu goma sha ɗaya suka cire, sauran suka ƙone a gonar.

Sai ya buɗe fayil ya karanta mini abin da aka rubuta. Sun sami Sale yana aiki a gefen gonar. Sun tambaye shi gonar wa ce, ya yi shiru. Sun tambaye shi wa ya shuka, ya ce ba shi ba ne, daga nan bai ƙara ba. Sun je rugar, suka sami wani tsoho da aka ce shi ne mai gida, suka nuna masa Sale da ankwa a hannu, suka tambaye shi ko ɗansa ne. Tsohon ya kawar da kai, ya ce na wani malami ne a Bebeji. Jami'in ya rufe fayil ya ce, a garinsu in aka kama ɗan mutum, uban zai biyo motar da gudu yana kiran sunansa har muryarsa ta dishe. Wanda ubansa ya ƙi shi a gaban jama'a, ai an san ko wane iri ne. Ranar Litinin za a wuce da Sale da takardunsa birni.

Abin da bai gane ba shi ne, kara ce ba ƙi ba. Mu ma nan Bebeji muna kara ga ɗan fari, amma tamu ta yi laushi. Uba zai ce "Babban yaya" ko "mutumin nan" yana murmushi, in ta kama a asibiti ya faɗi sunan, ba wanda zai zarge shi. Ta su Jauro ba ta lanƙwasuwa. Shekara talatin ban taɓa jin sunan Sale a bakinsa ba. Ba ya kallonsa ido da ido, ba ya cin abinci a inda yake, in zai yi maganarsa da ni sai ya ce "ɗan ƙanwarka". Wanda bai sani ba zai ce ƙiyayya ce, alhali a wurinsu wanda ka fi so shi kake ɓoyewa. Na faɗa wa jami'in haka gwargwadon iyawata. Ya saurara, ya ce shi bai musa ba, amma takarda ba ta ɗaukar abin da ba a faɗa ba. In akwai wanda ya san wani abu game da gonar, ya zo ya faɗa da bakinsa kafin Litinin.

Aka ba ni minti kaɗan da Sale ta tagar ɗakin da yake. Ya rame, amma ya gaishe ni a durƙushe kamar muna zauren gidana, har yana tambayar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Na ce ya bar wannan, ya faɗa mini wa ya shuka.

"Kawu, ba ni ba ne."

Na ce na sani, amma wa ya ba da gonar? Ya sunkuyar da kai yana murza bakin rigarsa. Na yi masa faɗa, na ce 'ya'yansa za su girma ba su san fuskarsa ba. Hawaye ya zubo masa, amma bai buɗe baki ba. A nan na fahimci akwai sunan da shi ma ba zai kira ba.

Na kwana gidan Malam Tanimu, tsohon abokin aikina da ya yi ritaya a can. Tuwon masara aka kawo mana da miyar kuɓewa ɗanya. Mutanen kudancin nan masara ce abincinsu safe da yamma, tuwon fari sol, ga santsi, amma ni da na saba da na dawa sai na ji kamar ban ci komai ba, ko da yake ranar ko naman rago aka ba ni haka zan ji. Malam Tanimu ya ce abin ya fara yawa a bakin dajin. Tun da aikin kuza ya mutu a wajen Riruwai, akwai mutanen da suka rage ba aiki ba gona. Sai su zo wurin mai fili su roƙi aro, su kewaye wurin da rama ko dawa, su shuka abin su a tsakiya. In ta yi kyau su kwashe, in ta ɓaci su gudu su bar mai gona da doka. Ya dubi damina da na jingine a zaure ya ce in bar wa iyalinsa su yi kwaɗo, kada wahalata ta tashi a banza. Na bar musu.

Ranar Juma'a da sassafe na kama hanyar Doguwa. A bakin dajin Falgore direbobi ba sa shiga ɗai-ɗai, sai sun jira juna sun yi ayari. Mun yi kusan awa guda a nan, mata suna tallan dafaffiyar masara da rake. Akwai wani shingen kuma, inda aka sauke mu duka aka bi kayanmu ɗaya bayan ɗaya, har ƙullin daddawar wata mata sai da aka shinshina. Ba wanda ya yi gunaguni. Wani fasinja ya ce mini da ba haka hanyar take ba, yanzu kowa abin zargi ne. A tsakiyar daji tayarmu ta fashe, ayarin ya wuce ya bar mu, direba ya canja ta yana waige-waige, mu kuma muna ta salati. Ban ga ɓarawo ba, ban ga zaki ba, birai kawai na gani a kan dutse suna kallonmu.

Na sami sallar Juma'a a Doguwa. Bayan an idar na nemi dagacin da rugar su Jauro ke ƙarƙashinsa, na gaishe shi na faɗi abin da ke tafe da ni. Ya ce ya san maganar, ranar da aka zo ba ya gari, kuma ba wanda ya neme shi tun daga nan. Ya yi alkawarin zai tara waɗanda suka san yadda aka yi, amma biyu daga cikinsu sun bi shanu kudu, sai an aika. Na ce Litinin fa, ranka ya daɗe. Ya buɗe hannuwa ya ce ƙafar saniya ba ta san Litinin ba.

Daga gari zuwa rugar tafiyar ƙafa ce, da wani rafi a tsakani. Na tuɓe takalma na riƙe a hannu, na taka wani dutse mai gansakuka, sai ga ni zaune cikin ruwa. Ƙafa ɗaya ta takalmin ta bi rafi. Haka na isa gidan surukai, riga a jiƙe, takalmi ɗaya a hannu, malamin gona guda.

Dije ce ta tarye ni. Ta kawo mini fura da nono mai kauri irin wanda ba ma samu a kasuwar Bebeji, ta zauna nesa kaɗan ta ba ni labarin duka, muryarta ƙasa-ƙasa. Da bazara wani mutum da ake kira Ɗankuza ya zo ya durƙusa gaban Jauro, ya ce shi baƙo ne mai iyali, a taimaka masa da inda zai shuka rama ya riƙa tufka igiya. Ya kawo goro, aka raba a gaban mutum uku, Jauro ya nuna masa ƙarshen gonarsa ta bakin daji. A wurinsu wanda aka ara wa gona ba a leƙa masa, don kada ya ga kamar ana gori. Ga Jauro kuma idonsa ya yi rauni. Sale ya taɓa cewa warin wurin bai yi masa ba, amma bai iya zuwa ya ce wa ubansa ya yi kuskuren baƙo ba. Kwana biyu kafin jami'ai su zo, Ɗankuza ya ɓace.

Na je na ga wurin da idona. Ramar tana nan tsaye a kewaye, layi huɗu, ta yi kyau har ta fi wadda na ɗauko. Tsakiyar kuwa toka ce da ramuka.

Da yamma shanu suka dawo, Jauro yana bayansu. Dogon tsoho ne, ya girme ni da kusan shekara goma, amma Malam yake ce mini saboda ni wan matarsa ne. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi hanya, ya tambayi amfanin gona, ya tambayi iyali. Sai can ya ce, yana kallon ƙasa, ko na biya ta Tudun Wada na ga ɗan ƙanwata.

Raina ya ɓaci, ban ɓoye ba. Na faɗa masa abin da aka rubuta a fayil, cewa ya ƙi ɗansa a gaban jama'a. Ya ɗago kai da sauri, abin da ban taɓa gani ya yi ba. Ya ce shi bai ƙi kowa ba. An tambaye shi a gaban surukansa da ƙannensa, ya ba da amsar da kowane mai kunya zai bayar, ya kuma nuna musu inda za su je, wurina. Yana jiran su tambaye shi maganar gona, sai ya ga sun shiga mota. Tun ranar yake zaton ana bincike ne, za a sako shi. Bai san shirun da ya yi ne aka rubuta ba.

Na gaya masa sauran ba tare da na sassauta ba. In bai je ba, Litinin za a wuce da Sale. In ya je ya ce gonarsa ce, shi ya ba da aro, mai yiwuwa shi za a riƙe, domin doka tana bin mai fili. Kuma ba za su karɓi "ɗan ƙanwarka" ba, ba za su karɓi "na Bebeji" ba. Suna suke rubutawa.

Ya tashi ya shiga cikin shanu, ya kira ƙaninsa, na ji yana nuna masa wadda ke ɗingishi, da wadda ta kusa haihuwa, da wadda ba ta son a tatse ta da hannun hagu. Ya daɗe yana wannan. Na zauna ina jin haushinsa, ina cewa a raina ana maganar ɗa yana maganar saniya. Sai da safe na gane abin da yake yi, da na ga ya fito da buzunsa a naɗe, da buta, da bargo. Ya miƙa wa ƙaninsa sandarsa. Ni kuma ya ajiye mini wasu takalman fata a gabana.

Muka shiga mota a Doguwa, muka ratsa daji. Ƙaurin fetur ya dame shi, ya rufe hanci da bakin rawani. Ni kuma ina ta tunanin ko a ƙarshe zai iya. Na shirya a raina cewa in ya kasa, zan faɗi sunan shi ya gyaɗa kai, ko jami'in zai ji tausayi ya karɓa.

Muka sami jami'in a ofis duk da Asabar ce. Ya sa aka fito da Sale, aka tsayar da shi a jikin bango. Uba da ɗa ba wanda ya kalli wani. Jauro ya ƙi kujera, ya tsuguna a ƙasa, ni na zama tafinta inda Hausarsu ta kasa haɗuwa. Ya ba da labarin Ɗankuza da goro da mutum uku, a hankali, bai rage ba bai ƙara ba. Ya ce gonar tasa ce, shi ya nuna wurin da hannunsa, ba wanda ya shawarta. Jami'in yana rubutawa. Da ya kai ƙarshe ya ɗaga biro ya nuna Sale.

"Baba, wannan fa? Wane ne shi a wurinka?"

Na buɗe baki, jami'in ya ɗaga mini hannu. Na ga yatsun Jauro suna danna buzun da ke cinyarsa. Sannan ya juya, ya dubi Sale sosai, irin kallon da ake yi wa wanda ya dawo daga doguwar tafiya.

"Salihu ne. Ɗana ne, na fari. Bai shuka komai ba."

Sale ya juya fuskarsa ga bango, kafaɗunsa suna rawa. Ni ma ban iya fassara ba, kuma ba a bukaci fassarar ba. Jami'in ya rubuta, ya cire tabarau ya goge, ya daɗe bai mayar ba. Ya ce Sale zai iya tafiya, amma Baba zai zauna har shaidu su zo, ba shi da ikon yin wanin haka. Jauro ya miƙe ya ɗauki butarsa, ya bi mai gadi zuwa ɗakin da ɗansa ya fito.

A gindin mangwaron nan Sale ya zauna ya ƙi tafiya. Na ce ya zo mu je ya ci abinci, ya ce sai an jima. Can ya ce da ni, "Kawu, ka ji yadda ya faɗa?" Na ce na ji. Ya ce shi bai taɓa sanin yadda sunan yake a bakinsa ba.

Kwana tara Jauro ya yi a ciki. Ni da Sale muka zauna gidan Malam Tanimu, kullum Sale ya dama fura ya kai, ya ba mai gadi ya miƙa, shi ya koma gindin mangwaro. A rana ta tara dagaci ya iso da mutum ukun da aka raba goro a gabansu, aka ɗauki maganarsu, ya tsaya wa Jauro aka ba da belinsa. Ba a rufe maganar ba. Duk farkon wata zai zo Tudun Wada ya nuna kansa har sai an sami Ɗankuza, kuma har yau da nake rubutun nan ba a same shi ba. Abin da zai biyo baya Allah kaɗai ya sani, ku sa shi a addu'a.

Da aka fito da shi ya rame, yana tari, hasken rana ya sa yana kare ido da hannu. Sale ya taso da sauri ya durƙusa a gefen hanya. Jauro ya wuce shi kamar bai ga kowa ba, ya zo wurina muka gaisa, ya tambayi gajiya, ya tambayi mutanen Bebeji. Sannan ya rage murya, yana kallon takalmansa da ke ƙafata.

"Malam, ɗan ƙanwarka yana cin abinci kuwa? Na ga kamar ya faɗa."

Na ce yana ci. Sale ya ɗauki buzun da butar, ya biyo mu a baya har tasha.